Wa zai riƙe ƙasar? Muhawara kan gurguzu da jikokin kambo

Usman, Kassala: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Maganar da muka fara jiya bayan isha'i ta hana ni barci, kuma ina nan kan bakana. Duk Bahaushen Sudan da zuciyarsa ke ƙuna saboda ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi, ba shi da gidan zuwa sai kwaminisanci, abin da muke kira shuyu'iyya. Kakana ya ƙare ƙarfinsa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya rasu a kambo, wato matsugunin leburorin gona, ko faddan (kimanin eka) ɗaya babu da sunansa. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ruwa ke shiga gonakin nan. Aka tsara rabon kuɗin auduga, kashi 40 na gwamnati, 40 na mai hawasha, wato manomin da aka yanka wa gona, 20 na kamfanin Turawa. Wanda ya sunkuya cikin rana ya tsinko ta da hannunsa ba ya cikin lissafin, ladan yini kawai yake karɓa. Sauran aƙidun hagu duk lallashi suke yi, a rage wa talaka zafi. Wannan ce kaɗai ta ce a cire gona da masana'anta daga hannun ɗaiɗaikun mutane.

Malam Haruna, Gadarif: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, da shi da ire-irensa masu yawa. Amma me zai kai ka aron riga alhali kana da taka a adaka? Karanta Suratul Hashri aya ta 7, inda aka faɗi dalilin rabon dukiya: don kada ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Hadisi ya tabbata cewa Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku, ruwa da wurin kiwo da wuta. Abu Zarril Gifari ya tsaya a Sham yana karanta wa masu mulki ayar masu taskace zinariya da azurfa. Aƙidar da tushenta ya ce babu komai sai abin da ido ke gani, ba zan bi ta ba, kuma ba zan so ka bi ta ba.

Usman: Allah ya gafarta Malam, ban musa aya ba. Amma shekara nawa gwamnati na karɓar zakka da doka a ƙasar nan? Kambo ya tashi? Zakka tana raba wani yanki na abin da aka riga aka tara. Ni tambayata yadda aka tara shi.

Malam Haruna: An amsa wannan ma. Da aka ci Iraƙi, mayaƙa sun nemi a raba musu ƙasar noman, Sayyidina Umar ya ƙi, ya bar ta hannun manomanta ana karɓar haraji don amfanin kowa har da na baya. Ka ga maganar mallaka ce, ba ta sadaka ba. Rashin aiki da abu daban, rashin samuwarsa daban.

Kawu Adamu, Atbara: Usman, bari in sa baki, don ni na zauna da 'yan kwaminis ɗin da kake magana a kansu, a wurin gyaran jiragen ƙasa. Ba zan yarda kowa ya ci naman su a gabana ba. Jam'iyyarsu ta kafu a 1946, kuma a garin nan ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta tashi a shekarun nan, ita ta koya wa leburan Sudan cewa yana iya ajiye guduma ya ce bai yarda ba. Da yawansu ina ganinsu a sahun salla. Na san ranar da labari ya iso cewa shugaban ƙasa Numairi ya rataye Shafi'u Ahmad Shaikh, jagoran ƙungiyoyin ƙwadago, da Abdul Khaliƙ Mahjub, shugaban jam'iyyar kwaminis, a Yulin 1971, bayan juyin mulkin Hashim Ata da bai wuce kwana uku ba. Manya sun yi kuka a gabana.

To amma ga abin da nake so ka riƙe. A 1970, lokacin Numairi na tafiya da 'yan hagu, ana ƙwace bankuna da kamfanoni ana mai da su na gwamnati, aka yi dokar ƙasar da ba ta da rajista. Duk filin da ba a rubuta da sunan wani ba ya zama na hukuma. A takarda, wannan shi ne abin da kake nema, an cire ƙasa daga hannun ɗaiɗaiku. Wa ke da rajista a ƙauye? Ba manomi ba, ba makiyayi ba. Da iska ta juya, dokar nan ce ta zama ƙofar da aka riƙa yanka manyan gonakin inji ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Malam Haruna yana Gadarif, ya faɗa maka su wa ke da mashru'in, wato manyan gonakin, da yaranmu ke yankan riɗi da dawa a ciki. Idan ka ce a ba gwamnati komai, ka fara tambaya wa zai gaji gwamnatin bayan mutanenka sun sauka, ko an sauke su.

Usman: Kawu, soja ne ya yi wannan, ba jam'iyya ba.

Kawu Adamu: Haka ne. A Habasha ma soja ne, Dargi, suka ce ƙasa ta mai nomanta ce a 1975, daga baya suka riƙa kwashe mutane da ƙarfi ana sake musu mazauni. A Tarayyar Sobiyet kuwa jam'iyya ce da kanta ta tara manoma a gonakin haɗaka, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi. Ni abin da ya dame ni hukumar da ba ka iya sauke ta da ƙuri'a, ko hular soja gare ta ko jar tuta.

Ustaza Maryam, Bur Sudan: Kawu ya faɗi rabin abin da ke bakina. Usman ƙanena, ka haɗa hagu duka ka mai da ita gida ɗaya, alhali ɗakuna ne. Akwai masu cewa a kawar da jari-hujja ta hanyar juyin juya hali. Akwai masu cewa manyan kadarori su koma na jama'a amma ta akwatin zaɓe, kamar jihar Kerala a Indiya, inda aka zaɓi 'yan kwaminis a 1957, suka taɓa dokar ƙasa, kuma in sun faɗi zaɓe su sauka. Akwai kuma masu barin kasuwa ta yi aikinta, a ɗora wa mai hali haraji mai nauyi, a yi asibiti da makaranta kyauta, irin na Suwidin da Norwe. Ni nan na tsaya. Shekara goma sha tara ina koyarwa, na ga yarinya mai ƙwaƙwalwa ta bar aji saboda kuɗin littafi. Ba zan iya ce mata ta jira sai an rushe jari-hujja ba. A Disambar 2018 ma ai burodi ne ya fito da mutanen Atbara titi, da ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku.

Usman: Yaya Maryam, Norwe na da mai, ga mutane kaɗan, ga hukumar da ke iya karɓar haraji. Mu zinariyarmu ta wace ƙofa take fita? Wa za ki ɗora wa harajin, mai bindiga?

Ustaza Maryam: Wannan ta kama ni, ban da amsa mai gamsarwa. Sai dai mai bindigar da ya ƙi biyan haraji ba zai miƙa maka ma'adinin ba don ka canza suna. Ni da kai duka sai mun fara samun mulkin farar hula.

Bashir, Jidda: Ina biye da ku daga wurin aiki. Abu ɗaya ba a taɓo ba. Jikan kambo talauci biyu ke kansa, na aljihu da na asali. Ƙungiyar manoman Jazira da 'yan kwaminis suka yi ƙarfi a cikinta ta masu hawasha ce, wato waɗanda kakan Usman ke yi wa aiki. Kakanninmu sun sauka garin Mai Wurno a Sudan tun bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, amma a Yulin 2022 a jihar Nilu Shuɗi an zubar da jini kan ko Bahaushe na da haƙƙin ƙasa da sarauta. Talakawa ne a ɓangarorin biyu. Duk aƙidar da ta ce min matsalar aji ce kawai, in aka gyara tattalin arziki sauran za su bi, ba ta gama ganina ba. Shi ya sa na fi karkata ga hanyar Malam Aminu Kano. NEPU ta tashi a 1950 tana kiran talakawa da sunansu, ba ta bar addini ba, ba ta ɗauki makami ba, kuma da PRP ta ci Kano a 1979 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Malam Haruna: Wannan kam zan iya zama inuwa ɗaya da shi.

Kawu Adamu: Bashir ya taɓa inda ke ciwo. Kuma ku duba wa ya ciyar da mutane tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Matasan unguwa ne da tukwanen takiyya, wato wurin dafa abinci kyauta na jama'a, kowa ya kawo abin da ya samu. Nafir ne, gayya ce da muka gada. Akwai reshen hagu da ya ginu kan wannan, ƙungiyoyin haɗin gwiwa, gona ta zama ta masu nomanta a tare, ba ta minista ba.

Usman: Na ji, kuma dokar 1970 ta shige ni, zan nemi nassinta in karanta. Na janye kalmar "kaɗai". Amma ban janye asalin maganata ba: duk tsarin da zai bar mai tsinkar auduga ba shi da kaso a ƙasar da yake nomawa, ko da ya ba shi asibiti kyauta, bai ishe ni ba. Tukunyar takiyya ba ta gyara madatsar ruwa, Kawu, sai an koma ga hukuma. Yaya Maryam, a tsarinki wa zai ba 'yan kambo takardar filin da suke zaune a kai?

Ustaza Maryam: Majalisar da suka zaɓa, in an ba su katin ɗan ƙasa ba tare da an tambaye su kakan kakansu ba. Wutarmu ta ɗauke, wayata saura kaɗan. Kawu, gobe ka faɗa mana yadda kuke zaɓen shugabannin ƙungiya a Atbara, da yadda kuke sauke wanda ya saɓa.