Muhawara: Shin jihohin Amurka na iya hana 'yan siyasa kiran na'ura?

Baban Ummi: Ni matsayata ita ce, dokokin da jihohin Amurka ke yi kan kiran da na'ura ke bugawa da naɗaɗɗiyar muryar kamfe aikin banza ne. Da an shiga kotu sai su rushe. Ta Karolina ta Kudu ta faɗi a 2015, ta Arkansas a 2016, ta Montana a 2019. Tsarin mulkinsu ya kare maganar siyasa, shi ke nan.

Barista: Baban Ummi, ka lissafo waɗanda suka faɗi, ka ɓoye waɗanda ke tsaye. Duka ukun nan ciwonsu ɗaya: sun ambaci kiran siyasa da suna suka hana. Dokar da sai an saurari abin da kira ke faɗa kafin a san ko laifi ne, kotu na yi mata awo mafi tsauri, kuma da wuya ta tsallake. Indiyana ba ta yi haka ba. Cewa ta yi, kai ko waye, kada na'ura ta saki saƙo sai mai wayar ya yarda tun farko, ko kuma mutum mai rai ya fara magana ya nemi izini. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ita a 2017. Minesota ma irin wannan tsarin gare ta, ya tsallake kotu tun 1995.

Baban Ummi: Ai Indiyana ma ta yi togaciya, Barista. Makaranta na kiran iyaye, mai aiki na sanar da ma'aikatansa jadawali. Wannan ba zaɓen magana ba ne?

Barista: A'a. Alaƙar mai kira da wanda aka kira aka duba, ba abin da saƙon ya ƙunsa ba. A nan kotu ta tsaya.

Hajiya Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in shigo, kuna ta jihohi kun bar ta tarayya, alhali ita ce tushe. Dokar TCPA ta 1991, wato dokar tarayya ta kare masu amfani da waya, ta raba wayoyi biyu. Wayar salula ba a aika mata naɗaɗɗiyar murya sai da izini, ko da na kamfe ne, kuma wanda aka kira na iya neman diyyar dala 500 a kan kowane kira, har 1,500 idan da gangan ne. Wayar gida kuwa ana iya kira ba izini, amma tun 2023 bai wuce sau 3 cikin kwana 30 ba, tare da hanyar cewa a daina. Dole saƙon ya buɗe da sunan mai kira, ya kuma ba da lambar waya. Inda ofisoshin kamfe ke faɗawa rami shi ne jerin lambobi: mutum ya mayar da tsohuwar lambar gidansa kan salula, su kuwa ba su tace jerin ba. Lamba 1,000 irin wannan, dala 500,000 ke nan. Rajistar "kada a kira ni" ta ƙasa kuma ba ta shafi kiran siyasa ba, mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Baban Ummi: Hajiya, kin ƙarfafa ni ne ma. Duba New Hampshire a Janairun 2024, aka kwaikwayi muryar Biden da ƙirƙirarriyar basira ana ce wa mutane kada su fita zaɓen fid da gwani. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta ci Steve Kramer, wanda ya shirya kiran, tarar dala miliyan 6. Jiha ta gurfanar da shi, masu taya alƙali shari'a suka wanke shi a Yunin 2025. Wa ya yi aiki a nan?

Barista: Tuhumar danne ƙuri'a da sojan gona aka yi masa, ba ta dokar na'ura ba, kada mu haɗa. Kuma amfanin sharaɗin mutum mai rai ba a ɗauri yake ba, a kuɗi yake. Na'ura na buga dubban lambobi cikin mintuna, ma'aikaci kuwa ɗaya bayan ɗaya zai bi, kuma albashi za a biya shi. Arhar da ta sa ake kiran ta tafi.

Hajiya Maman Sadiq: Ga mai bin doka ke nan, Barista. Wanda ya ɓoye lambarsa da ta wani yana bugowa daga wata jihar, sai an bi sawunsa ta kamfanonin waya tukuna. Kiran New Hampshire kwana 2 kafin zaɓe aka yi shi, tarar kuwa sai Satumba aka tabbatar da ita.