Wace bishiya za mu dasa a layinmu, kuma yaya za mu yi ta tsallake rani?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Layinmu a Kano faɗinsa kamar mita 10, gidajen duk bulo da kwano, wayar wuta tana bin gefe ɗaya. A watan Afrilu bango yana kwana da zafi har asuba. Matasan unguwa sun haɗa kuɗin dashe, amma muna ganin yadda ake dasa ɗaruruwa a gefen titi, kafin damina ta zagayo babu ko goma a raye. Masana, me za mu dasa, kuma ina kuskuren yake?

Mai Gandu:
Wa alaikumussalam, Malam. Yawanci ba ranar dashe ake kashe bishiya ba, a raninta na farko ake kashe ta. Saboda haka ku fara da lissafin ruwa: kowace tana son jarka ɗaya mai lita 20, sau biyu a mako, daga Nuwamba har saukar ruwa, tsawon rani biyu. A Afrilu da Mayu ku mayar sau uku. In ashirin kawai za ku iya shayarwa, ashirin za ku dasa.

Lokaci kuwa sai damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Dashen ƙarshen Agusta ruwa yana ɗaukewa saiwa ba ta kama ba. A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da bokiti ɗaya na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke ledar da aka raini tsiron a ciki a cire ta gaba ɗaya, sau da yawa in aka tone matacciyar bishiya sai a tarar da saiwar ta nannaɗe cikin leda. Kada a binne wuyan tsiron, a bar shi daidai inda ƙasar leda ta tsaya, sannan a yi masa ɗan gurbi kewaye da zai riƙe ruwa.

Hajiya Mai Lambu:
Ni kan zaɓen iri zan tsaya. Abin tambaya shi ne, tana da ganye a bazara? Malaina tana saurin girma amma tana kaɗe ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Turare inuwarsa ba ta da kauri, ga shan ruwa. Darbejiya ita ce mai jure fari da wulaƙanci, cikin shekara huɗu zuwa biyar an fara zama a ƙarƙashinta. Maɗaci ya fi ta girma da faɗin inuwa, sai dai masu sassaƙe ɓawonsa don magani suna kashe shi in suka zagaye jikin. Tsamiya tana da jinkirin girma, amma jikoki za su gode. Ceɗiya da durumi ku kai su filin makaranta ko harabar masallaci, domin saiwarsu tana bin danshi har cikin masai da bututun ruwa.

Ku ba da tazarar mita 6 zuwa 8 tsakani, da aƙalla mita 4 daga tushen gini inda wuri ya yarda. Gefen da waya take, kada ku sa maɗaci, za a zo a datse masa kai ya lalace. In kuna da zaɓi, bangon yamma ya fi cancanta da inuwa: ranar la'asar ce take dafa shi, shi kuma ya yi ta amayar da zafin cikin ɗaki da dare.

Baban Khalifa:
Mun gode, Hajiya. To awaki fa? Kuma ruwan wanki zai yi?

Mai Gandu:
Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka sun yi, bishiyar da ke bakin magudanar masallaci ba ta cika mutuwa ba. Ruwan omo da na bilic a'a, gishirinsu yana taruwa a ƙasa, sai ka ga bakin ganye ya ƙone.

Akuya tana miƙewa da ƙafa biyu, don haka a kewaye bishiyar da shinge mai tsayin mita ɗaya da rabi. Bulo da aka jera da ƙofofin iska ya fi, in aka toshe shi ruf sai ya zama tanda. Waya ko ƙaya ma suna yi. A baza busasshiyar ciyawa a gurbin don rage bushewa, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin tsiron saboda gara. Mai zuba siminti ko intalok a ƙofar gida kuma ya bar wa bishiyar fili aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, in ba haka ba ruwan sama ba ya isa saiwa, sai ta taso sama ta fasa daɓen. Sannan ku rubuta sunan gidan da kowace bishiya take hannunsa, da yaron da zai riƙa kai mata jarka ranar Litinin da Alhamis.