"Hali zanen dutse": ta dace da mai takobin da aka juya wa kaifi?

Mai Alli: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na kawo yau ita ce "hali zanen dutse", wasu kan ƙarasa da "ba mai iya shafewa". Ina so mu gwada ta a kan Himura Kenshin na Rurouni Kenshin, manga ɗin (labarin zane na Japan) da Nobuhiro Watsuki ya zana a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1994 zuwa 1999. Makashi ne a rikicin da ya kawo ƙarshen mulkin shogun, wato shugabannin soja, a Japan, har ana kiransa Battosai. Bayan yaƙin Toba-Fushimi na 1868 ya yi alkawarin ba zai ƙara kashe rai ba, ya ɗauki sakabato, takobin da kaifinsa ke baya. Labarin ya buɗe a 1878, shekara goma ke nan yana riƙe da alkawarin. To, maganar ta hau kansa ko shi ne ya ƙaryata ta?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam Malam. Ta hau kansa daram. A duba faɗansa da makashi Udo Jin-e. Da ya karya wa Jin-e hannu da kube, me ya yi? Juya takobin ya yi, kaifi ya koma gaba, ya ɗaga zai sara. Muryar Kaoru, mai makarantar takobin da yake zaune a ciki, ce ta tsayar da shi. Da tsohon abokin gabarsa Saito Hajime ya same shi a makarantar takobi ta Kamiya, haka aka sake yi, sai da manyan jami'an gwamnati Kawaji da Okubo Toshimichi suka shigo, shi kuma ya naushi fuskarsa da kansa kafin ya dawo hayyacinsa. Har bakinsa yana canjawa. Kullum "sessha" yake ce wa kansa, kalmar ƙasƙantar da kai, amma idan tsohon hali ya motsa sai ya koma "ore". Anime na 1996, wato shirin zane na talabijin, ya ƙara da sauya launin idanunsa zuwa ruwan ɗorawa don mai kallo ya gane.

Ɗan Maƙera: Kafin a yanke hukunci, a fahimci ƙarfen tukuna, don mutane na ɗauka juya kaifi ƙaramin abu ne. Katana, takobin Japan, takan haura santimita 60, nauyinta wajen kilo ɗaya. Lanƙwasarta ba ado ba ce. Maƙeri yakan shafe ruwan takobin da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a bakin kaifi, ya gasa shi zuwa kusan digiri 800 a ma'aunin Celsius, ya tsoma a ruwa. Baki yakan huce nan take ya yi tauri, baya kuwa a hankali yake hucewa yana tsukewa, shi ke jan takobin ya lanƙwasa, kaifi ya kasance a wajen gantsarwar. Idan ruwan tsomawa ya yi sanyi da yawa ko wuta ta zarce, baki ya tsage, aikin makonni ya tashi a banza. Mai son kaifi ya zauna a cikin lanƙwasa dole ya yi gaba da wannan jan, ya ƙera lanƙwasar tun a kan uwar maƙera.

Sai matsalar kube. Katana a ɗamara ake soke ta, kaifi na kallon sama, don haka bayanta ne ke gogar katako idan za a zare. A sakabato kaifin ne ke kwance a kan katakon, yana cin kube, yana rage saurin zara. Wajen mayarwa kuma yatsun hagu kan bi bayan takobi su kai tsini bakin kube, a nan kuwa wurin kaifi ne. Mutumin da sunansa na Battosai ya fito daga gwanintar zare takobi ya zaɓi makamin da ya fi kowanne ɓata wannan gwanintar. Ni a ganina wanda ya yarda halinsa ya goge ba zai ɗaure kansa haka ba. Turke ya kafa wa kansa don ya san abin da ke cikinsa.

Uwar Biyu: Malam Maƙeri, ai ka ba Bazazzagi gaskiya ke nan. Amma ina da ja a kan yadda ake amfani da maganar. Bahaushe ba ya cewa "hali zanen dutse" sai an ga mutum ya koma ruwa: an ja masa kunne, ya yi alkawari, ya maimaita. Magana ce ta yanke ƙauna. Kenshin sau nawa ya kai bakin rami bai faɗa ba? Daga farkon littafi na 1 zuwa na 28 bai kashe kowa ba a zamanin labarin. Kuma kada wani ya kawo "tuban muzuru", don muzuru da kaza a bakinsa yake tuba. Haka "kowa ya tuba don wuya ba lada" ba ta shiga nan, ɓangarensa ne ya ci yaƙi, tsofaffin abokansa suna manyan kujeru, babban hafsan soja Yamagata Aritomo da kansa ya neme shi ya ƙi.

Bazazzagi: Hajiya, to ya za ki yi da faɗansa da Cho, mai farautar takubba, a Kiyoto? Tun kafin nan Seta Sojiro, wani abokin gaba, ya karya wa Kenshin sakabato na farko. Aka miƙo masa takobi na ƙarshe da maƙeri Arai Shakku ya bari a wurin bauta, yana cikin kuben farin katako. Kenshin bai san me ke ciki ba. Ya zare, ya sara da dukkan ƙarfinsa don ceton jariri. Sai bayan Cho ya faɗi aka ga ashe shi ma kaifinsa a baya yake. A wannan saran, ƙarfen Shakku ne ya riƙe alkawarin, hannun Kenshin ya riga ya sake shi.

Ɗan Maƙera: Wannan hujja ce mai nauyi, kuma akwai ta biyu irinta. Da Kenshin ya sauke wa malaminsa Hiko Seijuro saran ƙarshe na makarantarsu, abin da ya ceci Hiko shi ne fegin gora da ke riƙe ruwan takobi cikin ƙota ya yi sako-sako, ya shanye wani kaso na ƙarfin. Kada kuma a manta, sandar ƙarfe mai kilo ɗaya ko ba kaifi tana fasa ƙoƙon kai. Saboda haka a sauran faɗace-faɗacen, inda ya san abin da ke hannunsa, shi ne ke zaɓar inda zai buga da yadda zai rage ƙarfi. Takobi kaɗai ba zai yi masa wannan ba.

Mai Alli: Wato kuna raba hali gida biyu: sabon hannu, da abin da mutum ke yi da shi. Na farkon bai gogu ba.

Uwar Biyu: Haka ne Malam, shi ya sa nake ganin a faɗi maganar a kansa da sigar gargaɗi, irin wadda mutum ke yi wa kansa, kada a faɗe ta da sigar hukunci. Kuma tunda zane ake magana, a dubi tabon gicciye na kumatunsa. Kiyosato Akira, wanda Kenshin ya kashe a zamanin yaƙi, ya yi layi na farko, wuƙar Tomoe, matar Kenshin ta farko, ta yi na biyu. Wanda ya tsaya a anime na 1996 ba zai ga asalinsa sosai ba, don bayan labarin Kiyoto shirin ya saki littafi ya shiga ƙirƙirarrun labarai har ya ƙare a 1998. Sai a Tsuiokuhen, wani anime na daban na 1999 mai kashi 4, aka nuna shi.

Bazazzagi: A ƙara da cewa sassan ba su yi ittifaƙi a kan tabon ba. A manga wuƙar suɓucewa ta yi daga hannun Tomoe ta yanke shi, a Tsuiokuhen kuwa ita ta ja layin da hannunta tana bakin mutuwa. A Seisohen, wani anime da ya fito 2001 zuwa 2002, tabon ya ɓace bayan Kenshin ya rasu. A babin ƙarshe na manga na asali, lokacin da ya miƙa wa Yahiko, ɗalibin Kaoru, sakabato, tabon ya dusashe amma yana nan. Duk mai kafa hujja da tabon sai ya faɗi wanne yake nufi.