Kunun ayata yana tsami kafin la'asar

Maman Ilham: Jama'a ku taimaka. Kullum ina yin gora 60 na kunun aya, amma da an ɗauke wuta, kafin la'asar gorunan sun kumbura, ya yi tsami. Jiya 12 na zubar, wallahi har da hawayena. Ga shi ina son fara kai wa shaguna.

Hajiya Turai: Sannu ƙanwata. Dabinon da kike markaɗawa ciki shi ke hanzarta lalacewar, saboda zaƙinsa. Rage shi, ki daina amfani da tsofaffin goruna, kuma ki jera su cikin ƙanƙara da zarar kin tace.

Baban Yusra: Manyan shaguna sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, Maman Ilham. Ki fara tura wa ƙananan shaguna zoɓo, ya fi jure zafi.

Maman Ilham: Na gode Yaya Turai, gobe da asuba zan sayo ƙanƙarar.