Bitar ƙa'idojin abincin tsofaffi: me za a fara gyarawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Idan ƙasa za ta sake duba ƙa'idojinta na cin abinci, kamar yadda Amurka ke yi duk shekara 5, wane sashe ya fi buƙatar gyara game da waɗanda suka haura 65? Galibi "rage mai, rage suga" kawai ake gani.

Masanin abinci: Wa alaikumus salam. A fara da furotin. Tsohon ma'auni giram 0.8 ne a rana kan kowane kilo na nauyin jiki. ESPEN, ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ta ɗaga shi ga tsofaffi zuwa giram 1.0 har 1.2, mai jinya kuma 1.2 har 1.5. Wato dattijo mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Tsokar tsoho ba ta ginuwa da ɗan kaɗan, shi ya sa ake raba shi sau uku, kusan giram 25 kowane ci. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, rubu'i ke nan. Mai ciwon ƙoda mai tsanani dai, likita ne zai yanka masa nasa.

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne, Malam, amma rashin ruwa ya fi saurin kwantar da su. Ƙishirwa tana dusashewa da shekaru, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun fitsarin dare. "A sha ruwa da yawa" ba ƙa'ida ba ce. A rubuta adadi: lita 1.6 a rana ga mace, lita 2 ga namiji, sai dai in zuciya ko ƙoda ta hana.

Mai harhaɗa magani: Ku ƙara da bitamin B12. Ba ƙarancin ci ne kaɗai matsalar ba, ciki ne ke rage ruwan da ke ware shi daga nama, metformin (maganin ciwon suga) da omeprazole (maganin gyambon ciki) kuma suna ƙara dagula lamarin. In ya yi ƙaranci, tafin ƙafa ya riƙa zugi, mantuwa ta yi yawa, sai a ce tsufa ne. Bitamin D kuwa, ma'aunin Amurka IU 800 ne a rana (IU awon bitamin ne) bayan shekara 70.

Masanin abinci: Sannan a yi hattara da "rage". Gishiri ƙasa da giram 5 a rana na Hukumar Lafiya ta Duniya yana nan, amma in miya ta yi lami har tsohuwa ta ture kwano, an yi asara. Duk wanda ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 ba da niyya ba, a duba haƙoransa da haɗiyarsa, a kai shi asibiti.