Wane suna za mu raɗa wa ɗigon duhun da ke cikin haske?

1/ Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Masana kimiyyar haske suna da wani abu da suke kira phase singularity, wasu su ce optical vortex, wato ɗigon duhun da gaɓar haske ke juyawa a kewayensa. Ina so mu tsayar masa da suna na Hausa, amma sai mun fara sanin mai sunan.

2/ Haske igiya ne, kamar igiyar ruwa, yana hawa yana sauka. Inda igiyar ta kai a wannan hawa da sauka shi ne phase, ni kuwa gaɓa nake cewa. Ku ɗauke ta kamar hannun agogo: kowane wuri a fuskar hasken da ƙarfen da yake nunawa. Idan iskar da hasken ke ratsawa na kwance, duk agogon bakinsu ɗaya.

3/ To, iska ba ta kwanciya. Mai zafi da mai sanyi kullum cakuɗuwa suke, manyan dunƙule suna farfashewa zuwa ƙanana, yadda Kolmogorov, masanin lissafi na Rasha, ya lissafa a 1941. Bambancin zafi na digiri 1 yana sauya saurin haske da kusan kashi 1 cikin miliyan. Kar ku raina shi, don tsawon igiyar koren haske kusan kashi 1 cikin 2,000 na milimita ne kawai. Wani sashen hasken ya makara, wani ya yi gaba, su karkace, can gaba su haɗu. A wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna ƙurmus. Idan ka zagaya irin wannan ɗigon da ya mutu, za ka ga gaɓar ta juya digiri 360 cif, daga ƙarfe 12 ta koma 12. A tsakiya duk ƙarfen sun taru, ba wanda za a karanta, dole hasken ya zama sifili. Bibbiyu ake haifar irin waɗannan ɗigogi, ɗaya na juyawa dama, ɗaya hagu, in sun sake haɗuwa su ɓace tare.

4/ John Nye da Michael Berry na Jami'ar Bristol ne suka fayyace su a 1974. David Fried kuma ya nuna a 1998 yadda suke rikita na'urar da ke gyara hoto a manyan madubban hangen taurari: madubi mai lanƙwasa da ke cikin na'urar shimfiɗa ɗaya ce, ba zai iya naɗewa ya bi wannan juyi ba. Sun fi yawa idan an harba hasken leza a kwance, kusa da ƙasa mai zafi.

5/ Wani malami ya kawo "guguwar haske". Allah ya ƙara sani, Malam, sunan da daɗi a baki, sai dai mai karatu zai zaci iskar ake nufi. Hargitsin iska shi ne sanadi, abin da muke nema wa suna kuwa a jikin hasken yake. "Ɗigon duhu" ma bai isa ba, ko ƙura ta hau madubi ɗigon duhu za ka gani, kuma babu juyi a ciki. "Ƙullin haske" a ajiye shi, don in ka bi ɗigon nan a tsawon hasken layin duhu ne, layukan kuwa kan ƙulle da gaske a wasu gwaje-gwaje, za mu buƙace shi can.

6/ Ni dai na tsaya a kan "cibiyar murɗi". Cibiya ta ba mu tsakiyar, murɗi ya ba mu juyin, ga rabon a sauƙaƙe: murɗin dama da murɗin hagu. Na san wani zai tuna da murɗiyar zaɓe ko murɗawar ciki, ba laifi, a ajin kimiyya ba za a ruɗe ba. Gwada a jimla: "Da rana ta take, hargitsin iska ya ƙaru, cibiyoyin murɗi suka yawaita a hasken lezar." 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka karanta abin da Faransanci, ya zauna a kunnenku?