Umarnin Malamin Rawa: Inda Hankali Ya Tafi, Can Jiki Ke Bi

Ga abin da malaman rawar bale (rawar dandamali ta Turawa mai tsalle da juyi) da likitocin gashin ƙashi suka tsayar a tattaunawarsu kan umarnin da ake ba ɗalibai.

Sun fi daɗewa kan inda ɗaliba ke ajiye hankalinta. Tun 1998 binciken Gabriele Wulf, masaniyar yadda ake koyon motsi, ya nuna cewa mai koyon motsi ya fi saurin ƙwarewa idan hankalinsa na kan sakamakon motsin maimakon gaɓoɓinsa. Idan aka ce "ɗaure ciki, miƙe gwiwa", ɗaliba kan riƙe numfashi, kafaɗu su ɗage, tsokoki su shiga ja-in-ja da juna, juyi ya lalace. Gara a ce "tura ƙasa" kafin tsalle, ko "zana da'ira a iska". Sauran aikin jiki zai tsara shi da kansa.

Umarni ɗaya ya isa, kalma biyu ko uku, kuma kafin motsi ya fara.

Kan juya ƙafafu waje zuwa digiri 180, wato yatsun ƙafa ɗaya su kalli dama, na ɗayar su kalli hagu, likitocin suka ja kunne. Wadda ta tilasta shi daga tafin ƙafa, tafin zai kife ciki, gwiwa ta murɗe. Daga kwatangwalo juyawar ke fitowa, gwiwa kuma ta tsaya saitin yatsan ƙafa na biyu. Irin wannan bayanin a yi shi ana tsaye, ba cikin kiɗa ba.

Madubin ɗakin koyon rawa a riƙa rufe shi wani lokacin. Maganar ƙiba ko siffar jiki kuwa a bar ta gaba ɗaya, domin tana cikin abubuwan da ke tura ɗalibai ga ƙauracewa abinci, ƙashi ya raunana har ya tsage.